Ina Kuɗin Tikitinka Ke Kwana?

  

Da zarar watan Rajab ya kama, duk mai riƙe da wayar salula a cikinmu ya san abin da zai fara cika masa ita: hoton Ka'aba, ga jirgi a gefe, ga farashi an rubuta da jan launi, a ƙasa kuma an ce kujeru kaɗan suka rage. Daga WhatsApp zuwa Facebook zuwa TikTok, kowa ya zama mai kai mutane Umarar azumi. Wasu daga cikin masu wannan talla mutanen kirki ne, sun yi shekaru suna yi wa baƙin Allah hidima, ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Wasu kuwa jarinsu bai wuce waya da zaƙin baki ba. Abin da ke rikita mutane shi ne hoton Ka'abar iri ɗaya ne a tallar kowa. Galibi kuma ku matasa ne iyaye ke miƙa wa waya su ce, "Duba mini wannan, na gaskiya ne?" Saboda haka nauyin ya faɗo kanku, ko kun shirya ko ba ku shirya ba.

Idan za mu biya kuɗin tafiya, mukan tambayi nisan masauki da Harami, mukan tambayi kilo nawa na kaya za a bari, da ko jirgin zai yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: daga ranar da na miƙa kuɗina zuwa ranar da zan zauna a kujerar jirgi, a hannun wa kuɗin nan yake kwana, kuma idan ya salwanta wa zai biya?

Wannan tambaya ba yau aka fara yin ta ba. Duk wanda ya karanta babin ijara a Mukhtasar na Shehu Khalil a zaure ya ci karo da ita, ko da bai lura ba. Malaman Malikiyya sun kasa hayar abin hawa gida biyu. Akwai hayar dabba ayyananniya, wato ka nuna raƙumi ka ce wannan nake so. Idan ya mutu a hanya haya ta warware, sai a lissafa tafiyar da aka yi a mayar maka da saura. Akwai kuma hayar da ke rataye a wuyan mai raƙuma, ya ɗauki alkawarin kai ka Makka a kan kowane raƙumi ne. Idan wannan ya mutu, wajibi ne ya kawo wani. Ƙa'ida a nau'i na biyu, matuƙar ba nan take za a kama hanya ba, ita ce a biya kuɗin duka a gaba, don kada ciniki ya zama bashi a kan bashi, shi ana binsa tafiya kai ana binka kuɗi. Amma sai aka togace hayar zuwa Hajji idan an ƙulla ta tun kafin lokacin tafiya: ya isa a ba da ɗan kaɗan, kamar dinari ɗaya ko biyu, a riƙe saura. Dalilin da masu sharhi suka kawo daga Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, shi ne masu raƙuman haya sun sha karɓe dukiyar mutane su yi gaba da ita.

Ka duba da kyau, ya ɗan'uwa mai karatu. Fiye da shekara 1,200 da suka wuce, a Madina, a zamanin da tabi'ai da almajiransu ke tafiya a doron ƙasa, malamin garin ya sassauta wata ƙa'ida ta ciniki don kawai kada maniyyaci ya zuba kuɗinsa gaba ɗaya a hannun mai jigila. Bai ce ai tafiyar ibada ce, babu mai cin kuɗin alhaji ba. Ya san mutane. Mu ma nan ƙasar Hausa sana'ar tsaya wa matafiyi tsohuwa ce. Sunan Wapa da ke Fagge a Kano, inda ake canjin kuɗi a yau, ya samo asali ne daga ƙungiyar jigilar alhazai da su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa. Raƙumi ya koma mota, mota ta koma jirgi, amma mai shiga tsakani yana nan, kuma ba za a iya yi ba shi ba, musamman ga tsofaffinmu da ba su san kan intanet ba.

To, bari mu leƙa cikin shagon ejan mu ga abin da ke faruwa bayan an miƙa kuɗi, domin a nan ne mafi yawan asarar ke ɓuya.

Ejan yana aiki ne da manhajar da ke haɗa shi da rumbun kujerun kamfanonin jirage, irin su Amadeus da Sabre. Cikin minti biyu zai iya kama maka kujera, ya buga maka takarda mai ɗauke da sunanka, da lambar jirgi, da ranar tashi da ta dawowa, da wata 'yar lamba mai haruffa da alƙaluma guda 6. Wannan shi ake kira bukin, kuma bai ci masa ko sisin kwabo ba. Kamun kujera ne kawai mai wa'adi. Idan wa'adin ya cika ba a biya ba, kwamfutar kamfanin jirgi ta saki kujerar da kanta ba tare da ta yi sallama da kowa ba. Tikiti wani abu ne daban. Shi yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ukun farko suna nuna kamfanin jirgin da ya fitar da shi: 065 na Saudia ne, 071 na jirgin Habasha, 077 na Masar, 157 na Ƙatar, 176 na Emirates, 235 na Turkiyya. Wannan lamba ba ta fitowa sai an yanki tikitin, wato sai kuɗi ya hau kan ejan a lissafin kamfanin jirgi. Takarda biyun nan, ta bukin da ta tikiti, idan ka ajiye su gefe da gefe a gaban wanda bai sani ba, zai rantse abu ɗaya ne.

Daɗin daɗawa, tun watan Yuni na 2008 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, ta daina amfani da tikitin takarda irin na da mai shafuka da jan kabon. Tikiti a yau rubutu ne a cikin kwamfutar kamfanin jirgi. Takardar da ke hannunka kwafe ce kawai, kuma duk yaron da ya iya kwamfuta zai iya tsara irinta a shagon buga takardu, har da alƙaluma 13 ɗin. Don haka shaidar gaskiya tana shafin intanet na kamfanin jirgin da kansa: ka shiga wurin duba tafiya, ka sa lambar nan mai 6 da sunan ƙarshe na matafiyi kamar yadda yake a fasfo, ka ga ko tafiyar na nan kuma ko lambar tikitin ta bayyana. Ka sake dubawa washegari, domin ejan na da damar soke tikiti a ranar da ya yanke shi, ya zama kamar ba a yi ba. Ka kuma duba ana saura mako guda tashi. Wannan aiki bai fi minti 5 ba ga duk wanda ya iya buɗe wannan shafin.

Sau da yawa za ka ga an liƙa tambarin IATA a ƙofar shago, mutane su ɗauka cewa wannan lamuni ne gare su. Gaskiya ne ejan da ƙungiyar ta amince da shi ya wuce tantancewa, yana da lambarsa, kuma yakan ajiye lamunin banki ko makamancinsa. Sai dai wannan lamuni don kare kamfanonin jirage aka ajiye shi, idan ejan ya sayar da tikiti bai kai musu kuɗi ba. Amfaninsa gare ka shi ne idan tikiti ya riga ya fita da sunanka, a bisa al'ada kamfanin jirgi zai ɗauke ka, rigimar kuɗi ta rage tsakaninsa da ejan. Idan kuwa tikitin bai fita ba, kamfanin jirgi bai san da zamanka ba, IATA ma haka. Sa'annan ƙananan shaguna masu yawa ba su da wannan amincewar ko kaɗan. Su ma saye suke a hannun wani babban ejan a Legas ko Abuja ko Kano, wani lokaci ma ta hannun wani ɗan kamashon. Kuɗinka na iya bi ta hannu uku kafin ya isa inda ake yankan tikiti, kuma a kowane hannu yana iya yin barci.

Haka abin yake idan an zo mayar da kuɗi. Kuɗi ta hanyar da ya bi ya je ta nan yake dawowa. Idan jirgi ya soke tafiya, kamfanin zai mayar wa ejan da ya yanki tikitin, shi kuma ya mayar wa na ƙasa da shi, har ya iso gare ka. Lokacin da Saudiyya ta dakatar da shiga Umara a ranar 27 ga Fabrairu 2020 saboda annobar korona, mutane da dama sun koyi wannan darasi: wasu kamfanonin jirage suka ba da takardar alkawarin tafiya nan gaba a maimakon kuɗi, wasu suka biya, amma matafiyi na can ƙarshen layi bai san wanne ne ya faru da nasa ba, sai abin da aka gaya masa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

A ajin matan aure da nake koyarwa da hantsin Asabar da Lahadi akwai wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shekaru ta yi tana zubin adashe, ta sayar da tumakinta, babban ɗanta ya cika mata. A watan Safar na 1445, wato wajen ƙarshen Agustan 2023, suka kai kuɗin Umarar azumi gaba ɗaya wurin wani mai shago a unguwarsu, mutumin da suke sahu ɗaya da ɗan nata a masallaci. Ana saura mako 3 azumi, bayan an tashi daga darasi, ta ciro wata takarda da ta naɗe cikin leda ta miƙo mini.

"Malam, ga takardar tafiyata ta fito. A duba mini, ran nawa ga wata za mu tashi?"

Na duba sama da ƙasa. Ga suna, ga rana, ga lamba mai 6, amma babu lambar tikiti. Na ce, "Inna, ki ce wa ɗan naki ya same ni bayan La'asar, akwai abin da za mu duba tare." Da ya zo muka shiga shafin kamfanin jirgin, shafin ya ce bai san wannan lamba ba. Wa'adin bukin ya wuce tun tuni. Washegari muka tafi shagon.

Ba zan zalunci mutumin nan ba: bai gudu ba, bai kuma yi mana musu ba. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wallahi ban ci kuɗin Inna ba." A ma'anar da yake nufi, gaskiya ya faɗa, bai sayi mota ko fili da shi ba. Abin da ya yi shi ne, waɗanda ya yi wa alkawarin tafiya a Rabi'ul Awwal farashin tikitinsu ya tashi, sai ya cike giɓin da kuɗin masu tafiyar azumi, da nufin idan sababbin mutane suka kawo nasu ya cike na azumin. Ya tona rami ya cike wani ramin. A shekarar da kasuwa ke zaune lafiya, la'alla da ya tsallake ba wanda ya sani. Amma waccan ba irin wannan shekarar ba ce. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 750, kafin Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Kuɗin kamfanonin jiragen waje da ya maƙale a ƙasar nan ya kai dala miliyan 850 a Yunin 2023, a lissafin IATA, har kamfanonin suka rufe kujeru masu araha, Emirates ma ta daina zuwa tun Oktoban 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Tikitin ƙasar waje da dala ake lissafinsa. Duk nairar da ta kwana wata 6 a aljihun wani a wannan tsakani, ta farka ta tarar rabinta ya tafi.

Shaidar da ke hannun ɗan Inna ita ce saƙon banki da ke nuna ya tura kuɗi zuwa asusun mutumin na ƙashin kansa. Babu rasit, babu yarjejeniya, babu abin da ya nuna kuɗin na mene ne. Dattawan masallaci suka shiga tsakani, aka sa shi ya rubuta abin da ake binsa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har bayan Babbar Sallah. Ya biya duka, lamba da lamba, kuma a wurin mafi yawan malamai bashi da kwatankwacinsa ake biya, ba da darajarsa ba. Sai dai abin da ya dawo hannunta ba ya iya sayen abin da zai saya ranar da ya fita. Da na yi mata jaje sai ta ce, "Malam, Allah bai kira ba." Maganarta gaskiya ce, kuma ina fatan Allah Ya rubuta mata ladan niyyarta. Amma wannan kalma a bakin wanda aka cuta take da kyau. Idan ta fito daga bakin wanda ya juya dukiyar, a matsayin uzuri, ta zama wani abu daban.

A nan akwai mas'alar da nake so ɗalibai su riƙe. Idan ka ba mutum kuɗi ya sayo maka tikiti a kan la'adar da kuka yi, wakilinka ne, hannunsa hannun amana ne. Idan kuɗin ya halaka ba da sakacinsa ba, kuma ba da ƙetare iyaka ba, babu ramuwa a kansa. Amma ranar da ya sa kuɗin a wani abin da ba ka umarce shi ba, ko da da kyakkyawar niyya ne, ya ƙetare iyaka, kuɗin ya koma bashi a wuyansa. Idan kuwa shi ya yanka farashinsa ya ce zai kai ka ya dawo da kai, da biza da masauki, a kan kaza, to wannan ya fi kama da mai raƙuman nan na biyu: tafiyar ce a wuyansa, ba shi da hujjar cewa wanda ke sama da shi ya ba shi kunya, ko kuma ya dawo daga baya ya ce a ƙaro tunda dala ta tashi, sai fa in an shardanta haka tun farko a sarari. Yawancin rigingimun da ake kawowa gaban malamai da alƙalai daga nan suke tasowa: lokacin karɓar kuɗi mutum yana magana kamar mai sayarwa, lokacin da abu ya lalace sai ya koma wakili. Tambaya ɗaya tun a farko, "Alhaji, sayo mini za ka yi ko kai ne mai sayar mini?", tare da rubuta amsar, tana kashe rabin wutar.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan lamuni doka. A Birtaniya, tun 1973 akwai wani lasisi da ake kira ATOL, ƙarƙashin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar. Duk kamfanin da zai sayar da tafiya a dunƙule, jirgi da masauki, sai ya mallake shi, kuma a kan kowane fasinja yana zuba fam 2.50 a wani asusu na bai ɗaya. Da ka biya kuɗi za a ba ka takardar shaida mai nuna abin da aka lamunce. Idan kamfanin ya karye kana gida, a mayar maka da kuɗinka. Idan kana waje, a dawo da kai. An ga aikin wannan tsari a ranar 23 ga Satumba 2019, lokacin da Thomas Cook, kamfanin da ya faro tun 1841, ya durƙushe dare ɗaya alhali kimanin mutanen Birtaniya 150,000 suna ƙasashen waje. Cikin kusan mako biyu hukuma ta yi hayar jirage ta kwaso su. Kamfani mai shekara 178 ke nan, balle shagon da aka buɗe bara. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko zama a can su lura cewa tsarin na da iyaka: wanda ya sayi tikiti kai tsaye daga kamfanin jirgi ba ya ciki, haka galibi wanda ya sayi tikiti zalla a hannun ejan aka yanka masa nan take. Aikin Hajji daga can tun 2022 ya koma ta shafin hukumomin Saudiyya, wanda yanzu Nusuk ne, amma Umara a dunƙule har yanzu ana saye a hannun kamfanoni, kuma wannan takardar shaida ita ce abin nema kafin komai. Ni a ganina, asusun da kowa ke zuba ɗan kaɗan don a tallafi wanda masifa ta faɗa wa ya fi kusa da ruhin taimakekeniya da Shari'a ke kira gare shi fiye da abubuwa da yawa da muke liƙa wa sunan Musulunci.

Mu a nan ba mu da asusu irin wannan da zai kira matafiyi ya miƙa masa kuɗinsa idan ejan ya karye. Abin da muke da shi ƙofofi ne na tantancewa da na kai ƙara. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, tana karɓar kuɗin ajiya daga masu jigilar alhazai, tana kuma fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. A Nijar hukumar COHO ce ke kula da Hajji da Umara. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana da wurin bincike a intanet da kowa zai iya sa sunan kamfani ya ga ko yana da rajista. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja, kuma ƙa'idojinta sun ba kamfanin jirgi kwana 14 ya mayar da kuɗin tikitin da aka biya ta banki idan shi ya soke tafiya. Akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, akwai kotu. Amma duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa a cikin waɗannan, abu na farko da za a ce maka shi ne, ina takardarka? Kuɗin da ka tura da hannunka zuwa asusun wani yaron shago, banki ba zai dawo maka da shi don kawai ka ce an cuce ka ba. Shi ya sa tura kuɗi zuwa asusu mai sunan kamfanin, sunan da ya dace da na rajista da na lasisi, tare da rubuta dalilin biyan a jikin saƙon, ya fi rantsuwa goma amfani ranar da ake neman hujja.

Masu tambaya game da inshorar tafiya: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya kuwa ta halatta, kuma a yau akwai kamfanonin takaful masu lasisi a Nijeriya. Sai dai inshorar tafiya galibi rashin lafiya da ɓatan kaya take lamuncewa, don haka sai an karanta an ga ko karyewar ejan na ciki kafin a dogara da ita.

Abin da na fi ganin yana hana mu duk waɗannan matakai shi ne kunya. Mutum ya saya wa wayarsa caja ta naira dubu kaɗan sai ya sa an gwada a gabansa, amma ya miƙa miliyoyi ga mai gemu da carbi ya kasa cewa a ba shi rasit, wai kada a ce bai yarda da shi ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma waɗanda aka fara yi wa magana da ita sahabbai ne, mutanen da babu kamarsu a riƙon amana. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin shiryarwa da mustahabbi, Imam Ɗabari kuwa ya tafi a kan wajibi ne. Ayar da ke biye da ita kuma ta ambaci matafiyin da bai sami marubuci ba, ta shiryar da shi ga karɓar jingina. Rubutu yana kare mai karɓa kamar yadda yake kare mai bayarwa, domin ana mantuwa, ana kuma mutuwa. Idan ejan na gaskiya ya rasu yau, magadansa da me za su san cewa kuɗin da ke asusunsa na wata tsohuwa ne mai ƙuli-ƙuli, ba gado ba ne? Na lura ma cewa ejan na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Kafin ka rufe baki ya jawo littafin rasit. Wanda ke cewa "Haba Malam, tsakaninmu?" shi ne abin lura.

Adalci ne in faɗi cewa rashin ganin lambar tikiti da wuri ba kullum yake nufin ha'inci ba. Masu kai jama'a Umara sukan kama kujeru a dunƙule, su ba kamfanin jirgi kafin alƙalami, sai tafiya ta matso su miƙa sunaye a yanki tikiti. Haka ma jirgin shata. A irin wannan, mai gaskiya ma ba zai iya nuna maka alƙaluma 13 ana saura wata 5 ba. To, a nan ne sassaucin Imamu Malik ke da gurbi. A ba da kafin alƙalami a rubuce, a riƙe saura. Kashi na gaba ya fita ranar da biza ta fito aka tabbatar da ita a shafin hukumomin Saudiyya, na ƙarshe ranar da tikiti ya bayyana a shafin kamfanin jirgi. A rubuta sunan kamfanin jirgin, da sunan otal, da ranar da idan ta wuce ba a cika ba kuɗi zai dawo, da wanda zai ɗauki bambanci idan dala ta motsa. Wanda kuma tikiti zalla yake so, ba shi da dalilin barin kuɗinsa ya kwana ko dare ɗaya: ya zauna a shagon, a yanka a gabansa, ya duba a wayarsa kafin ya miƙe.

A duba nau'in bizar ma. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta ba mutum izinin yin Hajji, ko da an rantse masa cewa akwai hanya. A Hajjin 2024, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301 a tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 daga cikinsu ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti ko motar da aka tanadar wa masu izini. Bayan haka gwamnatin Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 da suka kai mutane ta wannan hanya. Waɗannan bayin Allah sun biya kuɗi, wasunsu duk abin da suka tara a rayuwa, ga wani da ya ce musu ya fi araha. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Ga ɗalibaina da suka nemi in rubuta musu samfurin yarjejeniyar da za su riƙa kai wa iyayensu, na bar kwafe a ofishin makaranta, shafi ɗaya ne, da Hausa, akwai gurbin shaidu biyu a ƙasa. Wanda ke nesa ya rubuta tasa da hannu, ta wadatar, muddin akwai kwanan wata da sa hannun mai karɓar kuɗin. A rubutu na gaba, in Allah Ya yarda, za mu koma kan darasinmu na babin wadi'a, wato ajiya, daga inda muka tsaya.